Jan Tiyo a Soron Malam

Unguwar Kabara, Birnin Kano.
Tsakiyar bazara.

Zuwa ga ƙanena Abdulhakeem, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara, da sanyin ofishin Abuja da ya hana ka leƙo mu. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ko ƙadangare inuwa yake nema.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Inna ce ta kafe, wai godiyar waya iska ce, wanda ya yi abin kirki a rubuta masa ya ajiye. Ka san ba ta kama sunana tunda ni ne ɗan fari, sai ta ce a gaya wa Mai Turare ya ɗauki biro. To ga Mai Turare ya ɗauka, da guntun bokonsa na aji uku.

Akwatin gilashin kiwon kifin da ka aiko ya zauna daram a soron Malam, kamar yadda ka ba da shawara. Gaskiyarka, duk gidan babu wuri mai sanyinsa, ginin ƙasa na mutanen da ba wasa ba ne. Auta, ka san inda za ka taɓa ni. Na yi furfura a Kasuwar Kurmi ina sayar da turare, amma ba ka manta ba cewa ni ne mai goya ka zuwa kududdufi mu kamo 'yan tarwaɗa mu zuba a randar Inna, ni a zane ni, kai a ba ka alewa.

Kifayen farko ka ji labarinsu a waya. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, ya kashe rabi. Ruwan famfo, ranar da ya ga damar zuwa, maganin da ke cikinsa ya ƙarasa sauran. Na 'yan garuwa kuwa, Allah kaɗai ya san abin da jarkar ta ɗauka kafin ta ɗauki ruwa. Da ka ce in je in zaɓi injin tace ruwa da kaina, sai na saka tsohuwar riga na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, don kada su ga shadda su yanka mini farashin Alhazai.

Mai shago na farko ya nuna mini wata kwalba mai shuɗiyar fitila a ciki, wai tana kashe ƙwayoyin cuta. Na ce masa kifina ba zazzaɓi ke damunsu ba, gishiri ne. Na biyu ya kawo wani tulu mai ɗiga ruwa ɗis-ɗis, wanda kafin ya cika bokiti kifin ya ga jikokinsa. Na uku ne ya fito da na gaskiya: kofuna uku a jere, na farko ya tare laka, biyun gawayi ne a ciki su shanye magani da wari, sai wani dogon gwangwani a kwance a samansu, shi ne mai raba ruwa da gishiri. Ya tsoma wani abin awo mai kama da biro a ruwan rijiyarmu da na je da shi a gora, lamba ta haura kamar kuɗin shinkafa. Ya tsoma a wanda injin ya tace, ta faɗo warwas. A raina na ce shi ke nan, amma a fuska na yatsine, na juya zan tafi, ya biyo ni da rantsuwa. Yadda muka ƙare, har yau in na wuce shagonsa da ƙyar yake amsa sallamata.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Tiyo biyu ke fita daga injin, shuɗi mai ruwan kirki da ja mai fitar da gishiri da dauɗa. Duk bokitin da shuɗin zai ba ka, sai jan ya zubar da ninkinsa har da ƙari. Ni ɗan kasuwa ne, asara ko ta ruwa ce ba na ƙaunarta. Na so a saka bakin jan a baho mu riƙa wanki da shi. Amma Mikail, mai aikin famfon da ka turo daga wajen gininka, ya ce kai ka hana, soron Malam ba wurin baho da tiyo a fili ba ne, a binne shi ya tafi ramin sokawe. Na ga girmama mahaifi ne, na ja bakina. Mutumin akwai hannu. Ya jawo ruwa daga tankin sama, ya ɗaura ɗan injin ƙara ƙarfi, ya haɗa da sola, ko ɗigo babu. Lokacin binne jan ne ya roƙe ni in koma Ƙofar Ruwa in sayo wata gwiwar roba da ya manta. Kafin in dawo har ya shafe wurin da siminti, sumul.

Shawararka ta biyu ita ce ta sa Inna hawaye, wato famfon sadaka da ka ce a fitar ƙofar gida daga shuɗin tiyo, ladan ya je wa Malam. Yanzu tun safe layi ne, har daga unguwannin maƙwabta ake zuwa da jarka, injin ba ya hutawa. Duk wanda ya ɗiba sai ya ce Allah ya jiƙan Malam. Inna kuwa bakinta ba ya rabo da Autana, Autana, har maiɗakina Bahijja ta ce in ba a yi hankali ba kifin ma za su koya.

Na fi jin daɗin cewa ka bar maganar sayar da gida. Ka san rantsuwar Inna tun rasuwar Malam, ba za ta bar gidan nan ba sai ranar da soronsa ya faɗi da kansa. Bara mun yi musayar kalamai a kan haka, ni da kai. Na yafe, kai ma ka yafe mini. Wanda ya ƙawata soro haka ba mai son a rushe shi ba ne.

Inna da Bahijja suna gaishe ku. Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Naka yayanka,
Nata'ala Mai Turare.

*

Unguwar Kabara, Birnin Kano.
Farkon damina.

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin ƙaramar da aka ce tana haƙori? Allah ya sawwaƙe. Ruwa ya sauka a nan, gari ya yi sanyi.

Kifi dai sai godiya. Na gane cewa ruwan injin zalla ya yi musu tsarki da yawa, sai na riƙa tsarma musu ɗan na rijiya, suka murje. Akwai wani ja mai jela kamar mayafin amarya, na sa masa Sarkin Kasuwa, don ba ya aikin komai sai zagaye, amma in an zuba abinci shi ne a gaba. Akwai wata ƙatuwa mai zane irin na atamfa, ita ce Hajiya Babba. Inna da ta ce wai kallon kifi aikin marasa sana'a ne, yanzu bayan la'asar can za ka same ta da carbinta, tana yi wa Sarkin Kasuwa faɗa a kan haɗama.

Abin da ya sa na rubuto shi ne bangon gabas na soron. Ya fara danshi. Ba daga sama ba, don kafin ruwa na sa an yi yaɓe, an gyara indararo, rufin ko ɗigo ba ya yi. Daga gindi yake hawowa, kuma ta ciki. Wani farin gishiri ya feso a jikinsa, in ka dangwala yatsa sai ƙasa ta biyo ka kamar tuwon da bai nuna ba. Tsohon maginin da ke mana yaɓe tun zamanin Malam ya kara kunnensa, ya ƙwanƙwasa, ya ce bangon nan sha yake yi, kuma ba ruwan sama yake sha ba.

Na zargi kwatar maƙwabta. Har na je na yi musu tijara a ƙofar gida, mutanen da muka tashi tare. Aka tone kwatar a gabana, lafiyarta ƙalau. Na dawo da kunya kamar wanda ya ba da canjin jabu.

Na nemi Mikail ya zo ya duba, wayarsa kullum a kashe. Da na gaya maka ina so in tsayar da injin na ɗan lokaci in ga ko yoyo yake yi a wani wuri, ka ce kada in kuskura, sadakar mamaci ba a katse ta, kuma bango tsufa ne kawai. Na bi maganarka. Amma na kwashe littattafan Malam da buzunsa na kai ɗakina, na kuma hana Inna zama kusa da wannan ɓangaren. Ta ce da ni soron da ya ga kakanmu ba zai ji tsoron damina ɗaya ba.

Wani abin dariya. Shekaranjiya na fito na tarar da Ɗahiru, dillalin gidajen nan mai jar hula, yana taka gaban gidanmu daga kusurwa zuwa kusurwa yana motsa baki. Na ce Ɗahiru, ko allura ka yar? Ya ce a'a, ƙafarsa ce ke ciwo, likita ya ce ya riƙa tattaki. Na ce to Allah ya ba da lafiya, amma tattakin da ake yi da lissafi a ƙofar gidan mutane la'ada yake nema. Ya yi yaƙe ya wuce. Ungulu ba ta jewar banza, amma wannan karon ta yi kuskuren gida.

Gayyatar da ka yi wa Inna ta zo Abuja ta huta har damina ta wuce, ta gode, ta ce wa zai yi wa Sarkin Kasuwa faɗa in ta tafi.

Don Allah ka nemo mini Mikail. A gaida mutan gida.

Yayanka,
Nata'ala.

*

Unguwar Kabara, Birnin Kano.
Tsakiyar damina.

Abdulhakeem,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyalinka. Mu ma da ranmu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a makon nan.

Ka riga ka ji soron Malam ya faɗi, don kai ne ka fara kira, tun ƙura ba ta lafa ba. Abin da ba ka tambaya ba shi ne yadda aka yi. Ranar ko gajimare babu. Bayan azahar bangon gabas ya durƙusa kamar raƙumi, azara ta biyo shi, ɗaya ta sauka a kan gilashin. Inna tana alwala za ta shiga. Da ta riga ta idar, da yanzu zaman makoki muke. Na shiga cikin laka da fasasshen gilashi ina tsintar kifi da hannu. Hajiya Babba ta tafi. Sarkin Kasuwa da 'yan ƙanana kaɗan na samu da rai, na jefa su a randar Inna, kamar zamanin da.

Washegari muka fara kwashe ƙasa ni da magini. A gindin bangon muka ci karo da jan tiyo. Na bi shi da hannuna ina neman inda ya karya ya nufi sokawe. Bai karya ba. Ya bi gindin bangon ne tiryan-tiryan daga wannan kusurwa zuwa waccan, a can ƙarshe an naɗe bakinsa an ɗaure da waya tamau. Jikinsa kuwa huda ne a jere, tazara daidai wa daida, kowace da ɗan baƙin ƙuna a gefenta. Da ƙusa mai zafi aka yi su. Magini ya duba, ya dube ni, ya ce shi dai bai ga komai ba, ya koma kan aikinsa.

Wallahi har a lokacin kare ka nake a raina. Na ce Mikail ne, wani ya saye shi. Amma ni ba a banza na tsufa a Kurmi ba, na san in kana son jin gaskiyar farashi, mai saye za ka zama ko mai sayarwa. Na ɗauki kwalbar turare mai kyau na tafi wurin Ɗahiru. Na sassauta murya na ce na gaji da gidan ƙasa, in da mai so a yi magana, amma kada ƙanena ya ji. Ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce ashe 'yan gida ɗaya kuna ɓoye wa juna abu ɗaya. Mai saye yana nan yana jira tun kafin azumi, shaguna zai zuba hawa biyu, kuma Alhajin Abuja ya ba shi tabbacin damina ba za ta fita soron yana tsaye ba.

Tun kafin azumi, Abdulhakeem. Kifin bayan salla suka zo.

Na zauna a shagona ina jujjuya abin kamar mai duba jabun turare. Kai ka zaɓi soron. Kai ka ce in zaɓi inji da kaina, don in yi ta alfahari da cinikin da na ci, hankalina ya tsaya can. Kai ka hana baho. Kai ka turo mai binnewa, shi kuma ya aike ni sayen gwiwar roba kamar ɗan aike. Duk wannan zan iya haɗiyewa, da ɗan gari akan ci gari, kuma an sha yi mini wayo a kasuwa na yi dariya na rama. Famfon sadakar ne ya tsaya mini a wuya. Ka san duk jarkar da aka cika a ƙofar gida, ninkinta na shiga gindin bangon. Mutanen unguwa suna cewa Allah ya jiƙan Malam, kai kana auna yadda addu'arsu ke narkar da soronsa. Da na so in kashe injin, da sunan mahaifinmu ka hana ni.

Na san abin da za ka ce. Gidan ya tsufa, Inna ta cancanci ɗaki mai tayil, rabon kowa zai yi masa amfani, kuma ai ka gayyace ta ta bar gidan kafin abin ya faru. To ba ta tafi ba, ka kuma sani, ka bar injin yana aiki.

Yanzu Inna tana ɗaure kaya. Ta ce ta yi rantsuwa, Allah kuma ya yanke hukunci, soro ya faɗi da kansa, ba za ta yi jayayya da Ubangiji ba. Tana naɗe zannuwanta tana cewa gara ma da Autana ya yi mini tanadin wuri. Jiya na ga ta tsaya a bakin rijiya ta daɗe, hannunta a kan guga, ba ta ja ba.

Na raba tiyon biyu. Rabi yana cikin ƙunshin nan da direban motar kasuwa zai miƙa maka, rabi yana wurina. Ban gaya mata ba, kuma ba na so in gaya mata. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka kira ta da bakinka, ka ce ka fasa, ta kwance kayanta, za a tayar da soro. Ba sai ka faɗi dalili ba. In ka yi haka, rabin da ke hannuna zan jefa shi a masai, ni da kai kuma mu ci gaba da gaisawa ranar salla. Wannan shi ne farashin ƙarshe, babu ragi.

Wassalam.

Nata'ala.

*

Unguwar Kabara, Birnin Kano.
Ƙarshen damina.

Zuwa ga Alhaji Abdulhakeem,

Bayan sallama, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali da harkoki. Mu nan mun gode Allah.

Na jira kiranka, sai ga mota ka turo, da direba da katifa sabuwa a baya don kada Inna ta gaji a hanya. Na gane lissafinka. Ka san ina tsoron karya mata zuciya fiye da yadda nake son gidan, ka ce Mai Turare barazana kawai yake. Ka kusa canka daidai.

Ban gaya mata ba. Har gobe ban buɗe baki ba. Amma ka san mu 'yan kasuwa ba ma tura wa mutum kaya, ajiyewa muke inda idonsa zai sauka. Direbanka yana cin tuwo a tsakar gida, ni kuma na manta rabin tiyon a kan tabarmarta, kusa da ƙullin kayanta.

Ta ɗauka. Ta bi hudojin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe inda aka ɗaure da waya. Matar da ta yi shekaru tana huda gwangwani da ƙusa mai zafi tana yi mana matatar koko ba sai an yi mata bayani ba. Ta tambayi Bahijja daga ina wannan ya fito, Bahijja ta ce daga gindin bangon Malam. Ta sake tambaya wa ya turo mai aikin. Bahijja ta sunkuyar da kai.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta kwance ƙullin farko, ta mayar da zannuwan cikin adaka. Ta sa aka kira direban, ta tambaye shi ko ya ƙoshi, ta ba shi goro, ta ce ya gaida mai gidansa, ya gaya masa soron bai faɗi da kansa ba. Katifar ma ta ce a mayar.

Ga labarin gida. Injin yana nan yana aiki, famfon sadaka bai tsaya ba, don Malam bai yi wa kowa laifi ba. Jan tiyo sabo na saya, yana fili kowa na ganinsa, bakinsa a ramin kwaɓa. Da ruwansa magini yake kwaɓa ƙasar tubalin da za a tayar da soron, maƙwabtan da na yi wa tijara su ne suka fara kawo gudummawar hannu. Ɗahiru ya daina tattaki a layinmu, da alama ƙafar ta warke. Sarkin Kasuwa yana cikin randa, ya rame amma yana ci. Ba zan sake sayen gilashi ba. In na leƙa randar sai in ga yara biyu a bakin kududdufi, ɗaya a bayan ɗaya, sai in mayar da murfi.

Gida ya tsaya, amma kada ka ɗauka murna nake. Tunda nake ban taɓa cin ciniki na dawo ina jin kamar ni aka yi wa fashi ba sai wannan.

Abu na ƙarshe, don kada ka ji a bakin wani. Ka san ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, kuma ban taɓa damuwa ba, kunyar ɗan fari ce. Kai kuwa sunanka ne abin tauna a bakinta tun kana zanin goyo. Jiya wayarta ta yi ta ƙara a kan tabarma, Bahijja ta duba ta ce Inna, Auta ne. Tana zuba wa kifi abinci a randa, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce a gaya wa mutumin Abuja tana aiki.

Allah ya ba kowa abin da ya shuka. Ka gaida yara, su babu ruwansu.

Nata'ala Mai Turare,
Gidan Malam, Kabara.